Bakurfe Zai Tafi Su

Taubashi,

Gaisuwar ubangida zuwa ga yaronsa. Ina gwaggo da ƙarfin jiki? Mu nan Gaya lafiya lau, kogi cike, tukunya cike.

Labarinka ya riga saƙonka isowa. An ce tun da ka aje alli, bayan ka ƙarar da ƙuruciyarka wajen koya wa ƴaƴan mutane lissafi a lakkwal, zaman gida ya ishe ka, har ka yanke shawarar zama masunci. Na ce madalla, jinin uwa ya motsa, ɗan gwaggo zai zo gidan kawunsa ya ga ruwa. Sai aka ce a'a, ba Gaya zai zo ba, ba Ayoru ba, ba ma Yamai ba inda kogin Isa ke ratsa gari. Tabkunan ƙasar Kurfai zai zagaya, shi da wasu tsofaffin ma'aikata irinsa. Can sai ga muryarka ta WhatsApp, kana lissafa mini kayan da ka yo oda daga Yamai: sandar fatsa mai naɗe zare da kanta, da kifin roba mai walƙiya, da takalmin roba har gwiwa, da malafa mai igiya a haɓa, da kula ta zuba ƙanƙara. Ka rufe da cewa, "Ku da kuke bakin ruwa, ku ba mu shawara." Na kunna wa masuntan unguwarmu suka saurara. Wani dattijo ya aje komar da yake ɗinki ya ce a tambaye ka ko lafiya.

Kada ka kumbura, Talibambam. In ba ka san shi ba tambayi gwaggo, kifin nan ne da ke cika ciki da iska da zarar an taɓa shi. Kuma ka tuna tun 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Yanzu in na zolaye ka, gadon duniya nake rayawa. In ka yi fushi, kai da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shawara ta farko, ka makara, kuma ba makarar wata ko shekara ba. Faffaɗan kwarin nan da Filinge ke zaune a cikinsa, Dallol Boso, wanda Zabarmawa ke kira Boboye, kogi ne a da. Daga Azawak ya gangaro, ya ratsa ƙasarku, ya bi ta Bankuku da Baleyara da Birnin Gaure, ya je ya faɗa kogin Isa a wajen Bumba, fiye da kilomita 200 kudu da ƙofar gidanka. Zamanin da Sahara take da ciyawa da tabkuna, ruwa na gudu a cikinsa. Can Gobero cikin Tenere, inda yau ko ƙadangare sai ya yi guzuri, masu tonon tarihi da suka gano wurin a 2000 sun haƙo masu na ƙashi da ƙasusuwan giwan ruwa, shaidar cewa masunta sun zauna a wurin shekaru 8,000 ko fiye da suka wuce. Da lokacin aka haife ka, da sandarka ta yi rana. Amma kogin ya gaji da jiran Kurfayawa su koyi iyo, ya nutse ƙarƙashin rairayi. Yana nan kwance har yau, shi ya sa a wurare da yawa cikin Dallol rijiya ba ta yin nisa, giginya da gawo ke samun abin sha. Sai dai ban taɓa jin an yi su da guga da wasaki ba.

To, ɗauko allinka, Mushe, mu yi lissafi. Daminarku wata uku ce, Yuli zuwa Satumba. Ruwan da ke sauka a yawancin shekaru tsakanin milimita 300 ne da 400, wajen rabin abin da Gaya ke samu. Rana da iskar hunturu kuwa a ƙasa irin taku suna shanye fiye da mita 2 na ruwan da ke fili a shekara. Ƙara da abin da ƙasa ke tsotsewa, da abin da shanu da raƙuma da jakuna ke sha, da na masu buga bulo, da na masu lambu. Debe ka gani. Tabkin da zurfinsa bai wuce ƙugun mutum ba a watan Satumba, kafin Fabrairu ya zama fako, yara na buga ƙwallo a kai. Don haka tabkunan da ka rubuta a takarda kashi uku ne. Akwai mai ƙafewa tun ba a gama sussuka ba, wannan na kwaɗi ne. Akwai mai kaiwa bakin bazara. Akwai mai zagaya shekara, shi kuwa a Kurfai da yatsun hannu ake ƙirga shi. Kafin ka zuba wa mota mai, ka buga waya ƙauyen da za ka, ka yi tambaya ɗaya tak: "Akwai ruwa?" Kada a gan ku, manyan ma'aikata da furfura, tsaye bakin busasshen taɓo da kula.

Mai zagaya shekarar ma ba kogi ke ba shi kifi ba, tunda babu ƙoramar da ta haɗa su. Yawancin kifin da ke cikin irin waɗannan tabkuna kai shi aka yi. A Nijar aikin ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ne tare da masunta. Su kamo ƴaƴan tarwaɗa da karfasa daga kogi ko daga wani tabki da ba ya ƙafewa, a zuba a duro ko a leda mai iska, a ɗauko da sanyin dare ko asuba don kada zafi ya kashe su a hanya. In an iso ba a juye su haka nan, sai an aje ledar a kan ruwa har ɗuminsu ya zo ɗaya, sannan a kwance baki su fita da kansu. Daga nan a rufe tabki watanni, gari ya kafa kwamiti, a sa mai gadi. Ran buɗewa kowa ya san rabonsa, masunci da nasa, asusun gari da nasa. Ke nan duk kifin da ka hango yana fantsama ruwa a ƙasar Kurfai yana da iyaye, iyayen kuma suna da sanda.

Saboda haka tafiyarka ba daga bakin tabki za ta fara ba, daga zauren maigari za ta fara, da goro a hannu. Ku da mai sarautarku ma Mayaƙi ake kiransa, kun saba shiga wuri da ƙarfi, amma ruwa ba a shigarsa da ƙarfi. Mu nan ko ɗan Sarkin Ruwa ba ya jefa koma a gurbin da aka rufe. Bayan maigari sai kwamiti, bayan kwamiti sai ofishin ruwa da dazuzzuka, ka tambayi takardar izini. Na kuma ji wani cikin abokanka ya ce zai kwanto gidan sauron matarsa don jan kifi. Ka faɗa masa doka ta hana raga mai ƙananan idanu, kamar yadda ta hana zuba guba da tayar da nakiya a ruwa, domin gidan sauro ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. Zai biya tara a ofis, ya dawo gida ya biya wata.

Lokaci kuma, ka bari sai an kai gero rumbu, ruwa ya ja baya, kifi ya taru a tsakiya, wato daga Disamba zuwa Fabrairu. In sanyi ya yi tsanani kifi ba ya cin abinci da sassafe, sai hantsi ya ɗaga ruwa ya yi ɗumi. Karfasa da rana take kiwo a gefen ciyawa. Tarwaɗa kuwa sai almuru, ita da dare take yawo. Giwan ruwa da ka ce kana so ka ɗauki hoto da shi, cire shi daga ranka. Shi ruwa mai zurfi da iska yake so, da ƙananan kifaye masu yawa da zai haɗiya. Ba ya zama inda saniya ke tsayawa tsakiyar ruwa ba ta jiƙa cibiya ba.

Kifin robarka mai walƙiya ba wa jikoki su yi wasa. An yi shi ne don ruwa garai-garai, inda kifi ke farauta da ido. Ruwan tabkinku kunun kanwa ya fi shi haske. Tarwaɗa da gashin baki take lalube, da wari take gane abinci. Abin da take so tana ce, ko gara, ko hanjin kaza da ya kwana, wasu ma ɗan gutsuren sabulu suke soka mata. Zo Gaya ka ga yaro ɗan shekara bakwai. Sanda ce ya saro a daji, da zare, da ƙugiya ɗaya, da totuwar kara da ya ɗaura ta yi masa alama a kan ruwa. Ya tsuguna shiru, ba ya ko korar ƙuda. Totuwa ta motsa, bai ja ba. Ta sake rawa, bai ja ba. Sai ta nutse gaba ɗaya ta yi gefe, sannan ya fizga. Abin da ke kama kifi ke nan, haƙuri da rufe baki, biyun da ban taɓa ganin ka da su ba. Kai da in ka fara labarin zamanin Kunce ba ka tsayawa sai an kira sallah, wane kifi zai jira ka?

In Allah ya yi ikonsa tarwaɗa ta kama, kada murna ta sa ka rungume ta. Jikinta yauƙi ne, kuma tana da ƙaya biyu masu kauri, ɗaya kowane gefe bayan kai. In ta soke ka, ranar an gama su. Ta bayan kai ake danne ta, yatsu a bayan ƙayoyin. Kuma ba ta mutuwa da wuri, don tana shaƙar iska, tana iya jan ciki a kan danshi da dare ta sauya tabki. In ka sa ta a kula ka aza dutse a kan murfi, in ba haka ba za ka dawo ka tarar ta kama hanyar gida ta bar maka ƙanƙararka.

Batun shiga kuwa, ina roƙonka saboda zumunci kada ka bi ta Shikal da wannan malafa da takalmin. Ka fi ni sanin cewa a nan ne, wajen 1925, Babule suka fara sauka a kan mutane, iskokin nan masu kwaikwayon sojan Faransa da kumandan, masu fareti da sara wa juna, waɗanda Jean Rouch ya bi har Akra ya ɗauki fim ɗinsu a shekarun 1950. In tsofaffin garin suka hango ka tafe, malafa ɗaure a haɓa, takalmi har gwiwa, doguwar sanda a kafaɗa, abokanka jere a bayanka, za su ce Babule sun dawo, a nemo mai goge.

Sannan ka sani ba kai kaɗai ke da buƙata a bakin tabki ba. Tabkin Kurfai na dabba ne kafin ya zama na kifi. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 duk sun tsare wa makiyayi hanyarsa zuwa ruwa, kuma da hantsi garke zai sauko, ya dama ruwan da ka zauna kana kallo. Wannan sanda taka mai wurga ƙugiya nesa, a hannun wanda bai iya ba ta fi kama abin da ke bayansa. Ina jiye maka ranar da za ka wurga, ka ji nauyi, ka yi kabbara, ka waiwaya ka tarar kunnen bijimi ne, Bafulatani na tsaye da sanda yana jiran bayani. Gaskiya dai abin da Allah ya ba ku ke nan. Kilomita 20 arewa da Filinge ga Tukunus, inda tun 1954 ake tsare irin shanun Azawak, jajayen nan masu nono da ake nema har ƙasashen maƙwabta. Ga cuku, ga kilishi, ga fura da nono mai kauri. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ka taɓa jin na ce zan je tatsa?

Takalmin roba shi kaɗai ne abin hankali cikin sayayyarka, kada ka cire shi. Kurkunu dai mun rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijar haka a 2013. Amma tsargiya tana nan cikin ruwan kwance. Ƙananan katantanwa ke goyon ƙwayarta, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwa, bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Kai da kanka ka sha jera yara a lakkwal, ana auna tsayinsu a jikin sanda ana ba su maganinta, kada a wayi gari Mushe ne a kan layi. Ga matsattsaku, ga sauron almuru. Ruwan sha ka ɗauko daga gida. Wannan kuma ba wasa a ciki: ka san halin da jihar Tilaberi take ciki, tun 2017 ake dokar ta-ɓaci a sassanta, an sha hana hawan moto. Ku tambayi hukuma da mutanen gari kafin ku nufi ko'ina, ku fita da rana ku dawo da rana, batun kwana a daji a bar shi. Tarwaɗar dare ta sha kuruminta. Ina son in ci gaba da zolayarka shekaru masu yawa.

Amma don kada ka ce ɗan kawunka ya hana ka sana'a, akwai su ɗaya da aka yanka wa Bakurfe daidai wuyansa, wanda ba ya buƙatar iyo, ko jirgi, ko ma ruwa. Shi ne haƙar gaiwa. Ita gaiwa tana da huhu. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jiki, wutsiya a kan kai, ta lulluɓe kanta da yauƙin da zai bushe ya zama kwanso, ta bar ƴar ƙofa sama don numfashi. Haka za ta kwanta watanni, ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokarta, abin da ya sa ake mata kirari da mai cin jikinta. Mai nemanta da bazara yake fita, lokacin da ƙasan tabki ya tsattsage. Yana tafe a duƙe, ido a ƙasa, har ya ga ɗan rami mai sulɓin baki wanda bai yi kama da tsagar rana ba. Ya kafa dagi daga gefe, ya ɓanɓaro ƙasa a hankali, wajen zurfin kamu ɗaya sai ga curi. Ya fasa, ga ta cikin fatarta mai ruwan ƙasa, ka rantse matacciya ce. A jefa ta cikin ƙwarya da ruwa, jim kaɗan ta warware ta fara motsi. A nan ne za ka kiyayi yatsanka, don haƙoranta na fasa katantanwa ne. To wannan fa, taubashi, noma ne, kuma noma ba wanda zai koya muku. Ka sayar da sandar Turawa ka sayi dagi, ka zama masuncin farko da ya dawo daga su da ƙura a gemu.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa ban share saƙonka ba. Tabkunanku cikewa suke yi da rairayi. An sare itatuwan kan tudu, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya shiga cikinta sai ya kwararo da gudu, ya yanko ƙorama, ya kwaso yashi ya juye a tabki. Kowace damina zurfi na raguwa, inda ruwan ya rage kuma kacalla ta mamaye. Tabkin da ba zurfi ba ya kai shekara, wanda bai kai shekara ba ba ya riƙe kifi, ba ya kuma riƙe saniya. Maganin a kan tudu yake: rabin wata, da tassa, da jera duwatsu a hanyar ruwa, da barin ƴan itatuwan da suka tsiro a gona su girma. Dubi Tabalak a ƙasar Adar, kan hanyar Tawa zuwa Agadas. Su ma Sahel ne, rana ɗaya ke dukan ku, amma tabkinsu na ciyar da masunta da masu lambu, ana ɗaukar kifinsa zuwa wasu garuruwa. Kai kuwa rabin ma'aikatan da ke ofisoshin Filinge sun ci bulalarka a aji. Tara abokan nan naka masu fansho da yawan magana, ku zaɓi tabki ɗaya mai zurfi, ku zauna da maigari da makiyaya da masu lambu, ku matsa wa hukumar gari da ofishin ruwa da dazuzzuka a tare masa yashi, a zuba masa iri, a rufe shi har ya yi. Surutunku ya yi amfani ko sau ɗaya. Wanda ya zuba kifi shi ke da bakin shirya tafiyar kamu.

Kafin nan, in ƙaiƙayin hannu ya dame ka, hanya a buɗe take. Kilomita 180 ne zuwa Yamai, daga can ka gangaro Doso, ka iso Gaya, in sa ka a jirgi, in ɗaura maka gora a ciki saboda gwaggo. In ka yi ladabi in tsallaka da kai Argungu, inda tun 1934 ake bikin su, ka ga Kabawa sun faɗa Matan Fada da homa da gora, ka san bambancin masunci da mai malafa.

Gargaɗi na ƙarshe. Na san ka. In kuka dawo hannu rabbana, za ka ratsa wajen mai firiji ka cika kula, ka turo mini hoto kana murmushi. To ka duba da kyau kafin ka biya. Kifin kwali na teku ne, ba ya da gashin baki, kuma ba a taɓa jin tabkin Kurfai ya haifi kifi da ƙanƙara a ciki ba. Duk hoton da ka turo sai na kai shi majalisar masunta an yi masa shari'a, in ka faɗi kuma tararka rago ɗaya da cuku goma, ban da lissafin kuɗin shara da ke tsakaninmu.

Ka gaida gwaggo. Ka ce mata ranar tafiyar ta jiƙa wake tun da safe, kada ta dogara da kai.

Naka,
ɗan kawunka, daga Gaya.